Suzuki, malamin goge na Japan

Ka taɓa lura da ɗan makiyayi a kasuwar kan iyaka? Fulatanci a ruga, Hausa wurin ciniki, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. To, a kan wannan Shinichi Suzuki ya gina aikinsa. Ba na kamfanin babur ba fa, wannan makaɗi ne.

An haife shi a Nagoya a 1898. Mahaifinsa na da masana'antar ƙera gogen Turawa, mai tsirkiya huɗu, ba ɗaya irin namu ba. Duk da haka sai wajen shekara 17 ya fara gogawa, daga sauraron faifai. Da ya je Jamus ƙaro ilimi, Jamusanci ya ba shi wuya, ga yaran gari suna ta zuba shi.

Daga nan ya riƙe cewa kunne ke gaba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe makaranta a Matsumoto: yaro ɗan shekara uku, ɗan ƙaramin goge, uwa na zaune, a saurara, a maimaita, takarda sai daga baya. Masu suka na cewa ɗaliban kan makara wajen karanta rubutun kiɗa, kuma da ƙamshin gaskiya. Ya rasu a 1998, yana da shekara 99.