Shirye-shiryen leƙen asiri na talabijin na Birtaniya

Shirye-shiryen leƙen asiri na talabijin na Birtaniya rukuni ne na wasannin kwaikwayo masu dogon zango da aka shirya a Ingila, musamman tsakanin shekarar 1960 da ƙarshen shekarun 1970. Labaransu sun shafi 'yan leƙen asiri da masu binciken laifi da jarumai masu farautar miyagu ƙasa-ƙasa. Galibi kowane kashi labari ne mai zaman kansa, yana ɗaukar kusan minti 50.

Asali

Tashar ITV, talabijin ta farko ta kasuwanci a Birtaniya, ta fara aiki a watan Satumban 1955. Da yake kuɗin shigarta daga talla yake fitowa, sai ta nemi shirye-shiryen da za su tara masu kallo. Kamfanin ITC na Lew Grade ne ya fi cin wannan kasuwa. Lokacin kuma ya dace da yaƙin cacar baka tsakanin Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Yamma, inda batun leƙen asiri ya cika jaridu. A 1962 aka fitar da Dr. No, fim na farko na James Bond, a 1963 kuma Kim Philby, jami'in leƙen asirin Birtaniya da ke yi wa Sobiyet aiki a ɓoye, ya tsere zuwa Mosko.

Fitattun shirye-shirye

Danger Man ya fara a 1960, Patrick McGoohan ya fito a matsayin John Drake, jami'in da ya fi dogaro da dabara a kan bindiga. An yi kashi 86. McGoohan ya biyo shi da The Prisoner a 1967, mai kashi 17, labarin jami'in da ya ajiye aiki aka tsare shi a wani ƙauye da babu mafita.

The Saint ya gudana daga 1962 zuwa 1969, kashi 118. Roger Moore ne ya fito a matsayin Simon Templar, jarumin littattafan Leslie Charteris, mai yawo a farar mota ƙirar Volvo yana ƙwatar wa masu rauni haƙƙinsu.

The Avengers, wanda kamfanin ABC ya shirya daga 1961 zuwa 1969, ya kai kashi 161. Patrick Macnee ne John Steed, abokan aikinsa kuma sun haɗa da Honor Blackman da Diana Rigg da Linda Thorson. Shirin ya yi suna wajen nuna mata masu ilimi da ke iya kare kansu.

A Department S, wanda aka fara a 1969, ɗan wasan Gambiya Dennis Alaba Peters ya fito a matsayin Sir Curtis Seretse, shugaban sashen binciken, abin da ba a saba gani ga baƙar fata ba a talabijin ta wancan zamani. Akwai kuma The Persuaders! na 1971, wanda ya haɗa Roger Moore da Tony Curtis a kashi 24.

Yadda ake shirya su

ITC kan ɗauki shirye-shiryensa a kan fim irin na silima mai faɗin milimita 35, domin a iya sayar da su a ƙetare, musamman Amurka. Wannan ne ma ya sa aka koma ɗauka da kala a tsakiyar shekarun 1960. Duk da cewa labaran kan ambaci Paris ko Roma ko wata ƙasar Afirka, yawancin ɗaukar a ɗakunan Elstree da kewayensu aka yi, kusa da Landan.

Alaƙa da Najeriya

An buɗe tashar WNTV a Ibadan a 1959, sai tashar Kaduna ta Gwamnatin Jihar Arewa a 1962, wadda aka kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Birtaniya biyu, Granada da EMI. Sababbin tashoshin Afirka sun dogara sosai ga shirye-shiryen waje, waɗanda ake aikowa a kan fim mai milimita 16. Idan tasha ta gama nunawa, sai ta tura wa ta gaba.

Ɓacewa da adanawa

Shirye-shiryen da aka ɗauka a kan fim sun tsira, amma waɗanda aka naɗa a faifan bidiyo da yawa sun salwanta, saboda faifan yana da tsada, ana goge shi a sake naɗa wani abu. Daga kashi 26 na zangon farko na The Avengers, uku kacal suka rage cikakku. Saboda haka masu bincike suka koma neman kwafin da aka tura ƙetare. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris ya gano kashi 9 na shirin Doctor Who na BBC da suka ɓace a wata tashar talabijin a Jos. Biyar daga ciki na labarin The Enemy of the World ne, wanda shi ma ya ƙunshi leƙen asiri da makircin siyasa.

Tasiri

Roger Moore ya zama James Bond a 1973. Honor Blackman ta fito a Goldfinger a 1964, Diana Rigg kuma a On Her Majesty's Secret Service a 1969. Daga tsakiyar shekarun 1970 salon ya sauya zuwa labaran 'yan sanda masu zafi, irin su The Sweeney na 1975 da The Professionals na 1977.