Masu Suyar Gahawa a Kasuwar Manoman Kalifoniya

Davis ƙaramin gari ne na jami'a a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da Sakaramento. Kasuwar manomansa ta fara ci a 1976, har yau kuma tana ci a dandalin shaƙatawa na tsakiyar gari, Asabar daga ƙarfe 8 na safe zuwa 1 na rana, sai kuma Laraba da yamma. Mutanen garin sun yi suna wajen hawan keke, don haka kafin ka hango rumfuna za ka fara cin karo da kekuna jingine, kowanne da kwando a gaba. A ciki akwai tumatir da lemo da inabi, da zuma da ƙwai da man zaitun, duk daga gonakin kwarin da ke kewaye. Irin waɗannan kasuwanni sun yawaita ainun a ƙasar: ma'aikatar gona ta ƙirga 1,755 a 1994, kafin a cika shekara ashirin sun haura 8,000.

Ƙa'idar kasuwar ita ce wanda ya noma shi zai sayar. Tun 1977 Kalifoniya ta tsara haka, kuma kowane manomi yana rataye takardar shaida daga ofishin gona na gundumarsa, mai ɗauke da sunayen amfanin da ya shuka. Ba a son ɗan sari ya kwaso kaya daga babban kanti ya baza a matsayin nasa. A nan ne mai gahawa yake zama kamar baƙo, domin gahawa ba shukar wannan yanki ba ce. A Amurka, in ka cire Hawai da Fotoriko da 'yan gonaki a kudancin Kalifoniya, babu inda take yi. Saboda haka ake ware masa wuri a gefe, tare da masu burodi da masu dafaffen abinci. Abin da yake da shi na kansa suya ce kawai, kuma a kanta duk sana'ar ta dogara.

Dokar abincin gida ta jihar, wadda ta fara aiki a Janairun 2013, ita ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanya. Ta yarda mutum ya haɗa abincin da ba ya saurin lalacewa a kicin ɗin gidansa ya sayar, kuma soyayyar gahawa na cikin jerin. Zai yi rajista da hukumar lafiya ta gunduma, ya yi ɗan kwas kan tsaftar abinci, ya kuma rubuta a jikin kowace leda cewa a kicin ɗin gida aka yi. A ganina wannan doka ta yi adalci. Mutum ba ya buƙatar hayar shago ko rancen banki kafin ya gane ko mutane na son abin da hannunsa ke fitarwa.

Ɗanyar gahawa ba ta da ƙamshin da muka sani. Ƙwayar kore-kore ce, mai tauri, tana warin busasshiyar ciyawa. Tana iso wa tashar jirgin ruwa ta Okland cikin buhunan algarara, na Habasha kilo 60, na Kolombiya kilo 70, kuma a garin akwai dillalai irin su Sweet Maria's da ke ɓare buhu su sayar wa ƙananan masu suya kaɗan-kaɗan. Da yawa sun fara ne da na'urar yin gugguru, daga baya su sayi ƙaramin inji mai gangar ƙarfe da ke juyawa, wanda ke cin kilo guda a zubi ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai suyar gyaɗa a yashi ya san yadda 'yan daƙiƙu ke raba mai daɗi da ƙonanniya. Haka abin yake a nan. Ana zuba ƙwayar a ganga mai zafi, ta fara komawa ruwan ɗorawa, tana fitar da ƙamshi kamar na burodi, sannan ta yi ja-ja. Idan zafinta ya kusa digiri 200 sai ka ji tana fashewa, tas, tas, ruwan da ke cikinta ya zama tururi ya tsaga ta. Daga wannan ƙara mai suya ba ya ɗaga ido. In ya sauke da wuri, gahawar za ta fito da ɗan tsami da ɗanɗanon 'ya'yan itace. In ya bari ta kai fashewa ta biyu, za ta yi baƙi, maiƙo ya fito a jikinta, ɗaci ya rinjayi komai. Sai ya juye ta a faranti mai iska ta huce nan take, ɓawonta marar nauyi yana tashi yana maƙalewa a riga da gashi. Duka bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Hayaƙin kuwa ba na wasa ba ne, shi ya sa zaman lafiya da maƙwabta yana cikin jarin wannan sana'a.

Lissafin ma yana da wuyar sha'ani. Suya tana cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, wani lokaci har 20 in an soya ta yi baƙi. Buhu mai kilo 60 zai dawo wajen 50, wato kusan leda 150 masu giram 340, ma'aunin da Amurkawa suka saba da shi. A injin kilo guda, wannan buhu zubi sittin ke nan. Ga kuɗin leda mai ɗan hancin da ke fitar da iska, domin gahawa tana ci gaba da fitar da iskar gas kwanaki bayan suya, ga kuɗin rumfa, ga inshora, ga mai. Galibi ana suya a tsakiyar mako don ta ɗan kwanta kafin Asabar, kuma tilas mutum ya yi hasashen abin da zai shiga. A kasuwar da babu rufi, ruwan sama na safiya ɗaya ya isa ya mayar da shi gida da rabin kayansa.

A bakin tebur babu tayi, babu "albarka". An rubuta farashi a allo, ana biya da kati ko da waya. Amma fa akwai hira, kuma da ita ake ciniki. Mai saye zai ɗauki leda ya juya ta yana neman ranar suya, abin da gwangwanin babban kanti ba kasafai yake faɗa ba. Mai suya zai tambaye shi da me yake dafawa a gida, domin niƙan da ya dace da tukunyar matsi dabam yake da na takardar tacewa. Wani zai ce a niƙa masa, wani zai ce a bar masa ƙwaya. Da zarar injin niƙa ya tashi, ƙamshi ya bi layin rumfuna, sai ka ga waɗanda suka zo sayen tumatir sun karkato.

Sayar da kofin gahawa mai zafi kuwa wani izini ne dabam daga hukumar lafiya, da sharuɗɗan ruwa da wurin wanke hannu, don dokar abincin gida ta tsaya kan abincin da ba ya saurin lalacewa. Masu karɓar tallafin abinci na gwamnati ma suna iya sayen ledar gahawa da katinsu, amma ban da dafaffiya mai zafi. Da yawa daga ƙananan masu suya suna haƙura da kofin, ko da yake shi ya fi jan jama'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutun da ke jikin leda: Yirgacafe ko Sidama a Habasha, Huila a Kolombiya, wani lokaci har da sunan ƙungiyar manoman da tsayin dutsen da gonar take. A kasuwar da kowa ke alfahari da sanin fuskar wanda ya noma masa abinci, manomin gahawa shi kaɗai ne ba ya nan. Ya tsinke 'ya'yan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ko ya shanya, amma ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin ledar ke isa gare shi. Mai suya na kirki yana sanin nawa dillali ya biya, kuma yana faɗa in an tambaye shi. Wanda ya manna sunan ƙauye don ado kawai bai riƙe amanar wannan kasuwa ba. Manoman gahawar tsaunin Mambila a Taraba, da na Kamaru, irin wannan sanin asali ne zai ɗaga darajar amfaninsu in ya samu.

A Fabrairun 2025 farashin ɗanyar gahawa nau'in arabika a kasuwar hada-hada ta Niyok ya haura dala 4 a kan laba ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba, bayan fari ya taɓa gonakin Birazil. Manyan kamfanoni suna da kwantiragi da rumbuna da za su rage musu zafi; mai sayen buhu ɗaya ba shi da su, sai dai ya goge allo ya sake rubuta farashi a gaban mutanen da ya sani da suna. In kuma ciniki ya yi kyau, doka ta sa iyaka: a 2022 iyakar mai sayarwa kai tsaye ita ce dala 75,000 a shekara. Wanda ya kusa iyakar sai ya zaɓa, ko ya tsaya a kicin ɗinsa, ko ya kama hayar wuri, ya sayi babban inji, ya ɗauki yaro da zai riƙa tsaya masa a rumfa ranar Asabar.