Hanyar Shiga Aikin Jakadanci

Duk wanda ya bar garin Jos ya bi hanyar Bukuru, ba zai yi nisa ba zai iske Kuru, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa take tun 1979. Sau biyu ɗan Nijeriya ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma dukkan su biyun sun riƙe wannan cibiya. Na farko shi ne Manjo-Janar Joseph Garba, mutumin Langtang a Jihar Filato, wanda ya hau kujerar a 1989. Na biyu kuwa Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ne, a 2019. Ba abin mamaki ba ne idan ɗalibin Jami'ar Jos ya ji wannan labari, ya yi sha'awar wata rana shi ma ya tsaya gaban duniya da sunan ƙasarsa.

Amma ya kamata a fahimci cewa ƙofa biyu ce ake shiga wannan aiki ta cikinta. Garba soja ne aka naɗa shi Kwamishinan Harkokin Waje a 1975, Bande kuma malamin jami'a ne. Irin wannan naɗi yana hannun shugaban ƙasa, ba a cika masa takarda. Ƙofar da take buɗe ga kowane matashi ita ce ta biyu, wato a ɗauke shi ƙaramin jami'i a Ma'aikatar Harkokin Waje, ya yi ta hawa mataki bayan mataki. Doguwa ce, kuma masu nema sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba.

Wannan hanya ta girmi mulkin kai. A 1957 aka zaɓi mutum 12, aka tura su ofisoshin jakadancin Ingila su koyi aiki, domin ranar da Nijeriya za ta tsaya da ƙafarta kada a rasa masu wakiltarta. Cikinsu akwai Alhaji Aminu Sanusi, Ciroman Kano, wanda daga baya ya kai matsayin Babban Sakataren ma'aikatar.

Mai nema sai ya kasance ɗan Nijeriya, yana da digirin jami'a, ya kuma gama bautar ƙasa ko yana da takardar da ta ɗauke masa ita. Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ce take ɗauka, ba ma'aikatar da kanta ba. Idan ta ba da sanarwar gurabe, sai a cika takardar nema, a tantance takardun shaida, a zauna jarrabawa, sa'an nan waɗanda suka haye su bayyana gaban kwamiti a yi musu tambayoyi baki da baki. Bayan wannan akwai binciken lafiya da na hali. Tsakanin mataki da mataki ana iya shafe watanni ba a ji kome ba, kuma a nan ne da yawa suke karaya. A nan ne kuma 'yan damfara suke samun shiga. Ba a sayar da takardar ɗaukar aikin gwamnati. Wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo ta, ɓarawo ne.

Tsarin mulki ya wajabta a yi rabon aikin tarayya yadda kowane sashe na ƙasa zai ga nasa a ciki. Saboda haka takardar shaidar ƙaramar hukuma tana da muhimmanci ƙwarai. Sai dai rabo ba ya ba wanda bai nema ba. Jihar da 'ya'yanta suka yi sakaci da sanarwa, ko suka nema ba su shirya ba, ita ce za ta zo daga baya tana kukan an bar ta.

Shirin kuwa tun daga makaranta yake farawa. Yawancin aikin jami'in jakadanci rubutu ne: rahoto ga hedkwata a Abuja, wasiƙa ga gwamnatin da yake zaune a ƙasarta, jawabin da wani zai karanta. Wanda ba ya iya tsara magana a shafi ɗaya zai sha wuya. Harshe na biyu babban jari ne, musamman Faransanci, domin da shi ake mu'amala da gwamnatocin Benin da Kamaru da Chadi da Nijar. Larabci yana da rana a Jidda da Alƙahira. Hausa ma ba abin rainawa ba ce, ga jami'in da za a tura Yamai ko Accra ko Khartoum. Yaron da ya tashi a Jos, inda Birom da Ngas da Tarok da Bahaushe da Ibo da Bayarabe suke cin kasuwa ɗaya, ya riga ya fara koyon sauraron wanda ba yarensu ɗaya ba.

Samun aikin ba shi ne ƙarshen zaɓe ba. Sabon jami'i yana shiga Makarantar Horar da Jami'an Jakadanci, ya yi aiki a hedkwata, kafin a tura shi waje. Daga Sakatare na Uku zai hau na Biyu, da na Ɗaya, ya zama Mashawarci, ya zama Minista a ofishin jakadanci, kuma ƙarin girma sai da jarrabawa. Abin da zai fi cin lokacinsa ba liyafa ba ce: fasfon da ya ɓace, ɗalibin da kuɗinsa ya yanke, ɗan ƙasa da aka tsare, gawar da za a mayar gida. 'Ya'yansa za su sauya makaranta duk lokacin da aka sauya masa ƙasa.

Ko da ya kai ƙololuwa, muƙamin jakada ba gado ba ne. Sashe na 171 na tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne yake naɗawa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Bisa Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kuma, sai ƙasar da za a tura shi ta amince da shi, tana kuma iya ƙi ba tare da ta faɗi dalili ba. Dokar aikin gwamnati ta yanke ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma jami'ai nagari da yawa sukan kai wannan iyaka ba a taɓa kiransu jakada ba.