Gurasa Mai Tafarnuwa Domin Marar Lafiya da Ya Ƙi Abinci

Wata rana wata mata daga wajen Maiurno ta kawo mijinta asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ya sake shi, amma kwana shida ke nan bakinsa ba daɗi. Kisra da miya ya ture, kunu ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ta ce mini, "Malama, magani ya sha, amma ga shi yana ramewa." Na tambaye ta abin da ke gida. Ta ce akwai gurasar jiya, da tafarnuwa, da man riɗi. Na ce mata waɗannan sun isa a fara.

Marar lafiya da ya tashi daga zazzaɓi yana bukatar abinci domin jiki ya mayar da abin da ya rasa. Ƙamshin tafarnuwa yakan buɗe sha'awar abinci, mai kuma yana ƙara ƙarfi ba tare da cika ciki ba.

Ga yadda za ki yi. Wanke hannuwanki da sabulu. Ɓare ƙwayar tafarnuwa 4, ki daka a turmi mai tsabta. Bar ta kamar minti 10, gama sai an daka ta ne ƙamshinta da amfaninta suke fitowa. Zuba man riɗi ko man gyaɗa cokali 2, da ɗan gishiri, da yankakken lawashi in akwai. Tsaga gurasa 2, ki shafa haɗin a ciki. Ɗora a kasko kan garwashi marar zafi ƙwarai, minti 3 kowane gefe. Kada tafarnuwa ta ƙone, za ta yi ɗaci. Gurasar jiya ta fi dacewa, amma wadda ta yi fumfuna a zubar.

Gurasa kaɗai ba ta gina jiki. A haɗa da ful, ko miyar adas, ko dafaffen ƙwai, ko kifi. A ba shi kaɗan kaɗan, sau 5 ko 6 a yini.

Ku kula da waɗannan:

Kada a jiƙa ɗanyar tafarnuwa cikin mai a ajiye a kwalba. A zafin Jazira, wata ƙwayar cuta mai shanye jiki tana iya girma a ciki, ba wari, ba alama. A haɗa na yau, a cinye yau.

Tafarnuwa abinci ce. Ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka. Mai hawan jini kada ya bar ƙwayoyinsa dominta, ya kuma rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya.

Mai ciwon suga ya ci rabin gurasa. Mai gyambon ciki, da mai shan maganin tsinka jini, su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Jariri ƙasa da wata 6, nonon uwa kaɗai. Kada a ɗaura ɗanyar tafarnuwa a fata ko a sa a kunne, tana ƙuna.

Bayan mako biyu matar nan ta komo da mijinta. Na ɗora shi a ma'auni, ya ƙaru. Idan naku ya yi kwana 3 bai ci ba, ko yana amai, ko zazzaɓi ya komo, ku kawo shi asibiti ba da jinkiri ba.