Yadda Ake Farautar Fakara Mai Tsinin Jela a Ƙasar Amurka

Farauta tsohuwar sana'a ce, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. A can ƙasar Amurka akwai wata tsuntsuwa da maharba suke fita nema kowace shekara. Shekara fiye da 100 ke nan ana harbin ta, amma har yau ba ta ƙare ba. Tana da wata 'yar uwa wadda ita kuwa ta ƙare ƙurmus, ba a bar ko guda ɗaya ba. Me ya sa ɗaya ta tsira, ɗaya ta hallaka? Amsar tana cikin yadda ake farautar, da yadda ake kula da dajin.

Kamannin tsuntsuwar

Wannan tsuntsuwa dangin kaza ce da fakara. Ta fi fakara girma, amma ba ta kai zabo ba. Nauyinta bai cika kilo ɗaya ba. Bayanta ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon fari, cikinta kuwa fari. Gashi biyu na tsakiyar jelarta sun fi sauran tsawo, shi ya sa jelar take da tsini. Ƙafafunta suna da gashi har zuwa yatsu, domin ƙasar akwai tsananin sanyi. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, takan nutse cikinta ta kwana, don ta tsira daga iska.

Abincinta shi ne fara da ƙwari da ƙwayar ciyawa da 'ya'yan itace. Da sanyi kuma sai ta koma cin tohon itatuwa.

Wajen watan Afrilu, idan sanyi ya wuce, mazan sukan taru a wani dandali a kan tudu tun da asuba. Kowane ya buɗe fikafikai, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga jela, yana buga ƙafa da sauri. Matan su zo su duba, kowace ta zaɓi wanda rawarsa ta burge ta. Dandali ɗaya sukan koma shekara da shekaru. Daga nan macen ta yi sheƙa a ƙasa cikin ciyawa mai duhu. Takan yi ƙwai kamar 12, ta kwanta a kansu kwana 23 ko 24. Idan babu doguwar ciyawa, babu wurin ɓoye ƙwai. Ke nan ciyawa ita ce ranta.

Inda take zaune

Ana samun ta daga ƙasar Kanada har zuwa tsakiyar Amurka. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna ita ce jihar Nebraska. A can akwai jigayi, wato tuddan rairayi, waɗanda ciyawa ta lulluɓe. Faɗinsu ya kai murabba'in kilomita 50,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Itatuwa kaɗan ne. Mutum ya hau tudu, ya gangara kwari, ya sake hawa wani, har iyakar ganinsa.

A shekarar 1904 gwamnati ta yi doka, ta ba duk mai son zama a wurin eka 640. Mutane suka zo suka sa garma. Da aka tuge ciyawa, sai iska ta riƙa kwashe rairayi, amfanin gona ya ƙi. Da yawa suka sayar da filayensu suka tashi. Wurin ya koma makiyayar shanu, ciyawa ta dawo. Wannan shi ya ceci gidan tsuntsuwar. A wasu jihohi da aka nome daji da yawa, kamar Kansas da Oklahoma, ta ɓace.

Filin kowa da kowa

Yawancin jigayin nan na masu kiwo ne, ba a shiga sai da izininsu. Amma akwai filaye da gwamnati ta riƙe wa jama'a amana. Misali, gandun namun daji na Valentine, wanda aka kafa a 1935, ya fi eka 70,000. Akwai kuma gandun daji na McKelvie da na kusa da garin Halsey. Talaka da mai kuɗi duk ɗaya ne a nan. Wanda ya yanki lasin yana iya shiga ya yi farauta. Makiyaya ma sukan sami izinin kiwo a sassan gandun, amma ana ƙayyade yawan shanu da kwanakin da za su yi, don kada su cinye ciyawa ƙarƙaf.

Yadda ake farautar

Ba a yin gayya, ba a kiɗa, ba a sa wuta. Mutum ɗaya ne ko biyu ko uku, da karnukansu. Mota tana tsayawa a kan hanya, domin zafin ƙarfenta yana iya tada gobara a busasshiyar ciyawa. Sauran aikin na ƙafa ne. Maharbi yakan yi tafiyar kilomita 10 ko fiye a yini, wata rana ya dawo hannu wofi.

Bindigarsu irin mai watsa ƙananan ƙwayoyi ce, kamar ƙwayar dawa. Karen kuwa an horar da shi. Yana bin iska yana sansana. Idan ya ji warin tsuntsu, sai ya tsaya cak kamar gunki, hancinsa yana nuna wurin. Maharbi ya matso a hankali. Tsuntsayen su tashi fir, suna ƙyarƙyara. A sama ake harbin su. Wajen maharban can abin kunya ne a harbi tsuntsu yana zaune a ƙasa. Wadda ta faɗi, kare ya ɗauko ta ya kawo wa maigidansa.

Gwanin maharbi ya san inda zai duba. Da safe suna fita kiwo a gefen tuddai. Idan rana ta yi zafi, sai su shige ƙarƙashin ƙananan itatuwa a gefen tudun da ke kallon arewa, domin can ne inuwa. Idan iska ta tsananta, sai su fake a bayan tudu, ƙasa kaɗan da ƙololuwa, inda za su hango mai zuwa daga nesa. Saboda haka maharbi ba ya tafiya a kan ƙololuwa. Yakan zagayo ta gefe, iska tana bugun fuskarsa, don kare ya ji wari.

A watan Satumba uwa da 'ya'yanta suna tare, kuma ba su san mutum ba, ana iya matsawa kusa. Zuwa Nuwamba sun haɗu garke-garke, sun yi wayo. Ɗaya ta hango mutum, duk sun tashi tun bindiga ba ta kai ba.

Akwai haɗari kuma. Zafin farkon kaka yana iya kashe kare, don haka dole a riƙe ruwa da yawa. Akwai tsiro mai ƙaya da ke sukan ƙafarsa, akwai beguwa, akwai maciji mai dafi.

Dokokin da ake bi

Na farko, akwai lokaci. A Nebraska ana buɗe farautar ranar 1 ga Satumba, a rufe ranar 31 ga Janairu. Lokacin rawa da ƙwai da renon 'yan tsaki, ba mai taɓa su.

Na biyu, akwai iyaka. Tsuntsu 3 kawai mutum zai harba a rana, ko da ya ga 100.

Na uku, ba a farautar dare, kuma ba a kai naman kasuwa. Na ci ne a gida.

Na huɗu, kuɗin lasin ba ya zuwa ko'ina sai aikin kula da namun daji. Akwai kuma harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigar farauta da harsashi. Bisa wata doka ta 1937, ana raba kuɗin ga jihohi don wannan aiki. Wanda ya karya doka, malaman daji su kama shi, a ci shi tara.

Fiffike ɗaya

A bakin hanyoyin gandun akan ajiye akwati ko ganga. Ana roƙon maharbi ya yanke fiffike ɗaya na kowace tsuntsuwa ya jefa ciki. Malaman daji su kwashe su duba. Gashin bakin fiffiken 'yar bana yana da tsini, na tsohuwa kuwa bakinsa a zagaye yake. Idan 'yan bana sun yi yawa, ƙyanƙyasa ta yi kyau. Idan tsofaffi ne suka fi yawa, an san akwai matsala. Da Afrilu kuma suna zuwa dandalin rawa su ƙirga maza. Da haka ake sanin ko dukiyar tana ƙaruwa ko tana raguwa.

Abin da ya sami 'yar uwarta

A gabashin Amurka, bakin teku, an yi wata irin kazar daji, 'yar uwar wannan. A da tana da yawa ƙwarai. Aka yi ta harbin ta ba lokaci ba iyaka, aka kuma share dajinta. Kafin 1900 ta rage a tsibiri ɗaya tak, a jihar Massachusetts. Aka farga aka keɓe mata wuri, har ta kai kamar 2,000. A 1916 gobara ta tashi a daidai lokacin ƙwai, ta cinye iyaye a kan sheƙarsu. Daga nan ba ta sake kai wannan yawan ba. A 1932 aka yi wa na ƙarshe gani na ƙarshe.

Darasi

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fakara da zabon daji na ƙasar Hausa su ma a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawa. Maharbin da ya sa wa daji wuta don ɗan naman yini ɗaya, ya ƙone maɓoyarsu da abincinsu, ya ƙone abincin dabbobin makiyayi. Wanda ya kwashe ƙwai a sheƙa ya cinye garken baɗi tun bai fito ba. Sarakunan baka da masu unguwa suna da ikon sa lokaci da iyaka a dajinsu, ba sai an jira wani daga birni ba. Wanda ya bar wa daji iri, jikansa ma zai ci naman daji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.