Ko Kun Sani? Agogon da ke Cikin Kanmu

Ma'aikacin da ke kwana kan inji a masana'antun Challawa, Sharaɗa ko Bompai da ke Kano kokawa yake yi da agogon jikinsa. Wannan agogo curin ƙwayoyin jijiya ne kimanin 20,000 a ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Duhu na yi, jiki sai ya saki sinadarin melatonin mai kiran barci. Gab da asuba zafin jiki yakan sauka, hankali ya dushe, hannu ya fi saurin kuskure. Barcin rana kuwa bai cika kai na dare tsawo ba, balle a zafin bazarar Kano. A 2017 Amurkawa uku suka samu kyautar Nobel kan gano yadda agogon ke aiki, ta hanyar nazarin ƙananan ƙudaje.