Gudun Mita Ɗari: Hutu Ma Horo Ne

Duk wanda ya yi sammako a unguwarmu ta Briqueterie zai ga samari suna fita rukuni-rukuni, wasu su nufi hawan Tsinga, wasu har dutsen Fébé, ba za su komo ba sai sun jiƙe sharkaf da gumi. Abin sha'awa ne ƙwarai. To amma ga yaron da yake burin zama gwanin tseren mita 100, wannan wahala ba ita ce hanya ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Shekarun baya an ba ni aikin shirya yaran makarantarmu domin wasannin makarantu, cikinsu kuwa akwai wani yaro da babu mai ganin ƙurarsa. Sai na riƙa sa shi gudu da iyakar ƙarfinsa kullum, ina zaton yawan gajiya shi ne yawan ci gaba. Ana saura mako biyu gasa tsokar bayan cinyarsa ta yage, ya kalli tseren daga gefen fili. Wannan ne ya sa na koma neman sanin yadda manyan masu horarwa suke tsara makonsu.

Abu na farko shi ne, ƙarfin da tsoka take ajiyewa domin gudu na ƙure-ƙarfi ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma jiki yakan ɗauki lokaci kafin ya wartsake bayan irin wannan gudu. Saboda haka ne Charlie Francis, mutumin Kanada, ya raba kwanaki gida biyu, watau rana mai zafi da rana mai sanyi, tare da barin awa 48 tsakanin masu zafin. Ga yadda irin wannan mako yakan kasance.

Ranar Litinin ta koyon tashi ce: mita 10 zuwa 30 da dukan ƙarfi, ana huta kamar minti ɗaya a kan kowace mita goma, sa'an nan a ɗaga ƙarfe. Talata sai gudu mai sauƙi a kan ciyawa, wanda bai wuce kashi 75 cikin ɗari na saurin mutum ba, domin jini ya zaga, jiki ya warware. Laraba ta ƙololuwar sauri ce: ɗan tsere ya taho a guje, ya keta mita 20 ko 30 da iyakar saurinsa, sau huɗu ko biyar kawai. Alhamis a maimaita aikin Talata. Jumma'a ta jure sauri ce, mita 120 zuwa 150, sau biyu ko uku, da hutun da yakan kai minti goma sha biyar a tsakani. Asabar motsa jiki kaɗan da tausa, Lahadi kuwa hutu ɗungum.

Mai karatu zai lura cewa idan aka tara gudun ƙarfi na rana guda, da ƙyar yake wuce mita 500. Wanda ya leƙa filin zai ga 'yan tsere sun fi yawan zama a kan gudu, har ya ce ragwaye ne. Alhali kuwa da zarar agogo ya nuna saurin ya fara raguwa, mai horarwa na ƙwarai yakan sallami yaronsa, domin wanda ya yi ta gudu a gajiye jinkiri yake koya wa jikinsa.

Abu na biyu shi ne sakin jiki. Bud Winter na Amurka ya koya wa almajiransa su saki muƙamuƙi da kafaɗu da yatsu yayin da suke tsananin gudu, kuma ɗalibinsa Dennis Johnson ya kai wannan ilmi Jamaika. A can ne Glen Mills ya horar da Usain Bolt, wanda ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, da taku 41 kacal. Mai cije haƙora yana ɗaure wuya, da kansa yake kokawa.

Kada a ce wannan sai Turai da Amurka. Ɗan ƙasarmu Emmanuel Eseme, wanda bai shiga tsere sosai ba sai da ya haye shekara ashirin, ya yi daƙiƙa 9.96 a ƙasar Suwizalan a 2023. A watan Maris na 2024 ya ci zinariya a wasannin Afirka a Accra, a watan Yuni kuma ya zo na biyu a gasar Afirka da aka yi a Douala.

Sai dai akwai gargaɗi. Shi wannan Francis, ɗalibinsa Ben Johnson ya yi 9.79 a Seoul a 1988, amma aka ƙwace lambar bayan an sami haramtacciyar ƙwaya a fitsarinsa, sunansu duka ya ɓaci. Samarinmu masu haɗiyar tiramol wai don kada su ji gajiya, su sani ciwo ɗan aike ne, wanda ya toshe masa baki zai ji mummunan labari a makare. Tun daga 2024 ma an haramta ta a lokacin gasa.

Kirana ga malamai 'yan'uwana da iyaye shi ne, wannan tsari na manya ne, yaro ɗan shekara goma sha uku rana biyu masu zafi sun ishe shi, kuma ba shi da bukatar ƙarfe mai nauyi. Fili mai laushi, agogo, da littafin rubuta lokutansa sun wadatar a farko, tare da abinci da isasshen barci. Wanda ya nuna alama, a kai shi ga ƙwararru a filin wasa na Ahmadou Ahidjo. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana su.